Dusar da Muke Ba Akuya: Lacca Kan Hatsi, Farin Gari da Ciwon Sukari

 

   Ma'aikatan lafiya, manoma, masu injin niƙa, matasa, da baƙinmu da suka taso daga Ikara, Makarfi da Kudan domin su haɗu da mu a nan Furana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An nemi in yi magana kan abincin da ke ba jiki ƙarfi, wanda masana ke kira kabohaidiret: wanne ne mai amfani, wanne ne mai cutarwa, kuma me ya sa likitoci suka dage sai mun koma ga hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba. Na karɓi gayyatar da farin ciki, domin a wurin manoma zan yi maganar hatsi. Babu wanda zan koya wa bambancin kaura da farfara a wannan rumfa. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ke faruwa da hatsin nan tsakanin rumbu da akushi.

Batu na ɗaya: tuwo ba abokin gaba ba ne.

Na fara da wannan ne saboda tsoron da ya shiga mutane. Yau da an ce wane yana da ciwon sukari, sai ka ji 'yan dubiya suna cewa, "To, shi da tuwo kuma sai a lahira." Dawa, gero, maiwa, masara, shinkafa, alkama, acca, dankali, rogo, doya, makani, rake, zuma, dukkansu dangi ɗaya ne. Idan suka shiga ciki, jiki yana narkar da su su koma wani nau'in sukari da jini ke ɗauka ya kai wa kowace gaɓa. Da shi ƙwaƙwalwa ke aiki, da shi mai huɗa ke bin shanu tun daga hantsi har azahar. Wata 'yar gaɓa da ke bayan tumbi ita ke sakin insulin, wanda ke buɗe wa sukarin ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka.

Inda suka bambanta shi ne saurin shigarsu jini. Kowace mace a nan ta san wutar kara, ta san wutar icen ƙirya. Kara yana kamawa nan take, harshen wuta ya tashi har ya lashi gindin tukunya da baƙi, kafin ki juya ya zama toka. Ƙirya kuwa a hankali take ci, ta dafa wake, ta bar garwashi har dare. Farin burodi da shayi mai sukari wutar kara ne: sukarin jini ya yi sama, insulin ya fito da yawa ya danne shi, kafin ƙarfe goma sha ɗaya yunwa ta dawo, hannu na rawa. Dambun gero da zogale wutar ƙirya ne. Wani likita a Toronto ta ƙasar Kanada, David Jenkins, shi da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin wannan sauri a 1981, suka jera abinci iri-iri bisa yadda kowanne ke ɗaga sukarin jini. Wake ya faɗo can ƙasa, farin burodi ya hau can sama. Idan aka shekara ashirin ana hura wutar kara safe da rana da dare, gaɓar nan mai sakin insulin takan gaji, tsoka kuma ta daina jin kiransa. Wannan na daga cikin manyan hanyoyin da ciwon sukari na manya ke bi ya kama mutum, tare da gado da ƙiba da rashin motsa jiki.

Batu na biyu, kuma a nan zan daɗe: surfe.

Ku ɗauki ƙwayar masara guda ku jiƙa ta kwana, ku tsaga ta da farce. Abu uku za ku gani. Akwai fatar waje, ita ce dusa. Akwai ɗan tsiron nan mai maiƙo da ke gindin ƙwayar, wanda shi ne ke fitowa idan an shuka. Sai farin cikin, wanda ya fi yawa, kuma kusan sitaci ne zalla. Allah Ya ajiye mafi yawan bitamin na rukunin B, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da mai, da zare-zaren nan da masana ke kira faiba, a cikin biyun farko. Na ukun guzuri ne kawai da aka tanadar wa tsiron.

To, me muke yi? Makon jiya na tsaya a bakin wani injin surfe ina kallo. Yarinya ta kawo masara tiya uku. Mai inji ya zuba, ta fito, ta duba a tafin hannunta, ta ce, "Umma ta ce a ƙara, ba ta yi fari ba." Ya mayar ya sake. Da aka gama, ta ɗaura farin tsaki a ka, ta riƙo ƙullin dusa a hannu. Na tambaye ta ina za a kai dusar, ta ce ta ragon layya ce. Jama'a, wa ya ci riba a wannan rabo? Ku dubi ragon da aka turke wata uku yana cin dusa da harawa, gashinsa har ƙyalli yake. Mun san dusa na gina jiki, shi ya sa muke sayenta da kuɗi mu ba dabba. Yaran gida kuma mu tuƙa musu abin da ya rage.

Ba laifin iyayenmu mata nake gani ba. Farin tuwo mai santsi ya zama abin fita kunya, amarya da ta tuƙa tuwo mai duhu sai a ce ba ta iya aiki ba, kuma mu maza mu ne kan gaba wajen wannan ƙorafi. Amma da can da turmi ake surfe. Hannu na gajiya, komai ƙwazon mace sai wani abu na dusa da tsiron ya tsira ya shiga tukunya. Inji ba ya gajiya. Sannan hatsin kansa ya canja. Dattawan da ke nan za su shaida cewa a ƙuruciyarsu masara abin bayan gida ce, a gasa, a dafa, a ci kafin dawa ta nuna. Daga shirin bunƙasa noma na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, da shigowar takin zamani da ingantaccen iri, masara ta mamaye gonakin ƙasar Zazzau, har ta ture dawa da gero daga tukunyar gidaje da yawa. Masara ba ta da aibu, ta ciyar da mu, ta yi mana rufin kwano. Sai dai ita ce hatsin da muka fi yi wa surfe har sai ta koma kamar alli.

Duniya ta taɓa biyan kuɗin irin wannan kuskure da rayuka. Lokacin da injin goge shinkafa ya bazu a ƙasashen Asiya, sai wata cuta mai kashe ƙafafu da raunana zuciya, beriberi, ta yawaita. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jawa cikin shekarun 1890, ya lura kajin da ake ba gogaggiyar farar shinkafa suna kamuwa da irin wannan shanyewa, idan aka mayar musu da dusar shinkafar kuma sai su miƙe. Daga nan aka bi sawu har aka gano bitamin B1, shi kuma aka ba shi kyautar Nobel a 1929. Bayansa, wani likitan tiyata, Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa cututtukan hanji da suka cika asibitocin Ingila ba kasafai yake ganinsu wurin mutanen karkarar Afirka ba, ya danganta hakan da yawan faiba a abincinsu. Turawa suka saurare shi, suka fara sayen burodi mai dusa da tsada. A 2019 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani babban nazari da ya tattara binciken shekaru kusan 40, ya nuna cewa masu cin faiba da yawa sun fi masu cin kaɗan tsira daga mutuwar wuri da ciwon zuciya da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya a yau tana son baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a yini.

Aikin faibar nan a bayyane yake. Tana riƙe abinci kada ya narke da gaggawa, tana sa ƙoshi ya daɗe, tana tausasa bayan gida. Mutum nawa ne a garuruwanmu ke yawo da jarkar maganin basir, alhali abin da cikinsa ke nema yana cikin buhun da ke jingine a garke?

Malamai na nan, za su gyara mini idan na yi kuskure. Ya zo a Sahihul Bukhari, daga Sahlu ɗan Sa'adu, cewa Manzon Allah (SAW) bai ga tataccen farin gari ba har ya koma ga Ubangijinsa, kuma ba su da rariya a lokacin. Sha'ir suke niƙawa, su hure abin da zai tashi, su kwaɓa sauran. Ban kawo wannan don in haramta rariya ba, ba ni da wannan hurumi. Na kawo shi ne don wanda ke jin cin gari mai dusa ƙasƙanci ne.

Batu na uku: abin da ya shigo mana daga kanti.

Ku tsaya teburin mai shayi a tashar Makarfi ko Hunkuyi da safe. Burodi rabi, shayi kofi babba, sukari cokali huɗu ko biyar, madarar gwangwani mai zaƙi a kai, wani ma a soya masa taliyar leda. Da rana fanke ko cincin da lemon kwalba. Da dare tuwon semo. Wannan bawan Allah ya ci abinci sau uku, amma a wurin jikinsa abu ɗaya ya ci: farar fulawa da sukari. Fulawa alkama ce da aka raba da dusarta da tsironta tun a masana'anta, domin ta yi fari ta kuma daɗe a shago ba ta lalace ba. Gwamnatin Najeriya tun 2002 ta wajabta ƙara bitamin A cikin fulawa da garin masara na kamfani da sukari da man girki. Mataki ne mai kyau, amma bai mayar da faiba ba.

Ga lissafin sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu a yini. Ga baligi, wajen giram 50 ke nan, kimanin ƙaramin cokalin shayi 12, kuma ta ce in an tsaya a 6 ya fi. Da yawa daga lemon kwalba na rabin lita, guda ɗaya ya cinye wannan 12 ɗin. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, amma ku da kanku kun san naira goma ba ta hana kowa sha ba. Kada kuma mu ɗora wa kanti laifi duka. Zoɓon da ake ƙullawa a gida, da kunun zaƙi, da kokon da aka tace gasararsa tas aka zubar da dusar sannan aka antaya masa sukari, da furar da ake damawa sukari ya fi nono yawa, duk hanyarsu ɗaya. Da azumi abin ya fi muni: ciki ya wuni babu komai, a buɗe shi da lemo mai sanyi da kunu mai zaƙi da soyayyen abu.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun sha fura sun ci tuwo malmala uku, ba su san ciwon sukari ba. Gaskiya ne sun ci. Amma a ƙafa suke zuwa kasuwar Ikara su dawo, da fartanya suke noman fari da maimai. Yau babur ke kai mu masallacin da ke bayan layi, maganin feshi ya karɓi rabin aikin fartanya. Malmalar ba ta ragu ba, gumin ne ya ragu.

Batu na huɗu: rake, mazarƙwaila da zuma.

Na san inda nake tsaye. Rake shi ne arzikin Makarfi da Kudan, daga nan ake lodinsa zuwa sassan ƙasar nan, kuma mazarƙwailarmu ta yi suna. Ba zan ce a daina noma shi ba, Allah Ya ƙara masa albarka. Amma amanar ilimi ta sa in faɗa: mazarƙwaila sukari ce. Ta fi farin sukari ɗan abin amfani kaɗan saboda ba a tace ta ba, sai dai a cikin jini aikinsu kusan ɗaya ne. Zuma ma, da duk falalarta, tana ɗaga sukarin jini. Mai lafiya ya sha gaɓa biyu ko uku na rake, babu damuwa, tauna ma na rage masa sauri. Mai ciwon sukari da aka ce wa ya bar sukari ya koma mazarƙwaila, an cuce shi.

Batu na biyar: masu ciwon a cikinmu.

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma kimanin miliyan 3.6 a Najeriya suke. Ƙanin mahaifina na cikin waɗanda ba su sani ba. Ya shekara yana fama da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, yana ramewa, ana cewa sammu ne. Ƙaya ce ta soke shi a gona, gyambon ya ƙi warkewa, sannan aka auna jininsa. Da aka sallamo shi, sai masu ba da shawara suka hana shi komai sai wake da tuwon alkama. Ya ci wake har ya tsane shi, tuwon alkamar kuma, da yake an ce magani ne, yakan ci malmala uku. Sukarin bai sauka ba sai da aka gyara masa awo: malmala ɗaya ta dawa mai dusa, miyar kuka ko kuɓewa ko ganye mai yawa, wake ko kifi ko gyaɗa a gefe, tafiya bayan la'asar, da shan maganinsa kan lokaci. Alkama da acca hatsi ne kamar sauran, yawansu na ɗaga sukari. Kuma ina roƙonku, duk wanda likita ya ɗora kan magani kada ya ajiye shi don ya ji laccar dusa. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ya je a auna shi. Ɗigon jini ɗaya ne a ɗan yatsa. 'Ya'yanmu da kwalejin kimiyyar lafiya ta Shehu Idris ta Makarfi ta horar suna cikin asibitocinmu, sun iya wannan awo.

Batu na shida: me za a yi gobe da safe?

Ba na son kowa ya je gida ya ce an hana surfe, a niƙa masara yadda ta fito daga buhu. Akwai hatsari a nan. Masara da gyaɗar da ba su bushe da kyau ba suna yin fumfuna, wadda ke haifar da guba mai lalata hanta, kuma gubar ta fi taruwa a fatar waje da ƙwayoyin da suka fashe. Don haka sai hatsi ya bushe sarai, a tsince ruɓaɓɓu da masu canjin launi, a wanke, a zubar da abin da ya taso saman ruwa. Wanda bai amince da ajiyar masararsa ba, gara ya surfe ta. Na biyu, gari mai tsiro yana da mai, ba ya jure ajiya, yakan yi ɗaci. A niƙa na 'yan kwanaki kawai. Na uku, jariran da ake fara ba abinci cikinsu ƙarami ne, kununsu na bukatar laushi da ƙarin gyaɗa ko waken suya, kada a cika shi da dusa.

Bayan wannan, sauran mai sauƙi ne. A ce wa mai inji sau ɗaya ya isa. A haɗa masara da dawa ko gero wajen niƙa, ko da kashi ɗaya cikin uku ne, har baki ya saba. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barin ƙullu ya yi tsami kamar yadda iyayenmu ke yi, yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfen da ke ciki. Shinkafar gida da aka turara kafin a cashe ta ta fi ɗanyar shinkafar tuwo riƙe bitamin, kuma ta fi ta jinkirin shiga jini. Idan aka haɗa ta da wake, an ƙara gyara ta. A dawo da dambu, fate mai ganye, ɗanwake, burabusko, kwaɗon zogale da na rama. Miya ta fi tuwo yawa a kwano. Mai shan cokali biyar a shayi ya koma uku wannan wata, wata mai zuwa ya koma biyu.

Manoma kuma, ku bar wa dawa da gero wuri a gona. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, nan kusa da mu, ta fitar da irin dawa masu yawa da ake kira SAMSORG, akwai masu nuna da wuri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 sukutum domin gero da danginsa, bisa shawarar Indiya, saboda jure farinsa da amfaninsa a jiki. Ina kuma roƙon maza su daina raina tuwo don ya yi duhu, domin mace ba za ta rage surfe ba muddin ta san za a ture akushin.

Mai girma shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi.   Yanzu fili naku ne. Ina so a fara ba iyayenmu mata da masu injin niƙa dama, domin su ne za su gaya mana inda wannan shawara za ta yi wuyar aiki. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a kawo masa lasifika.